Shekarar da Muryata Ta Ɗauke

A hannun kakata ta wajen uwa na tashi, a wani ƙauye da ke kan hanyar Wurno. Jaji ce ta 'Yan Taru, tsarin karantar da matan karkara da Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa, wanda ya ci gaba bayan rasuwarta a 1864 har ya iso zamaninmu. Alamar jaji malfa ce da jan ƙyalle. Ba a sayenta a kasuwa a ɗora wa kai. Sai an tabbatar mace ta san karatu, kuma tana da haƙurin koyar da shi, sannan a naɗa mata. Ta kakata tana rataye a bangon ɗaki, ba ta sauko da ita sai za ta ja ayarin mata zuwa Hubbare. Da la'asar matan unguwa kan cika tsakar gidanmu, wata da goyo, wata ko hannu ba ta wanke ba daga surfe, tana rera musu baitocin tsarki da salla suna amsawa. In ta lura bakin wata ba ya tafiya daidai, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Wagga ba ta kama ba, mu koma baya." Ko sau nawa ne za a koma. Ban taɓa ganin ta wuce mutum ba.

Boko kuwa da ƙyar na same shi. Kawuna da ke aikin gwamnati a cikin gari ne ya dage har aka bar ni na dawo Sakkwato wurinsa. Lissafi ya karɓe ni tun ina sakandare, shi na karanta a jami'a, da na gama hidimar ƙasa aka riƙe ni a matsayin ƙaramar malama. Ranar da takardar ɗaukar aiki ta fito kakata ta riga ta rasu, amma innata ta riƙe takardar, duk da ba ta iya karanta ta, ta ce gado ne ya bi jini.

A sashenmu, kamar yadda aka saba, sabon malami shi ake tura wa 'yan aji ɗaya. Manya ba sa son ajin, domin nan ne taron yake: 'yan kimiyya, 'yan aikin gona, masu shirin likitanci, duk sai sun bi ta lissafin shekarar farko. Ƙa'idar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ita ce malami ɗaya ga ɗalibi 20 a fannin kimiyya. Ni kuwa ɗaruruwa nake tararwa, wasu a kan benci, wasu a kan taga, wasu a tsaye a bakin ƙofa da littafi a tafin hannu. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, fanka ba ta juyawa, lasifika kuwa yau akwai gobe babu. Sai dai murya.

Na so ajin nan, kuma har yau ina son sa. Yawancin yaran daga makarantun gwamnati na ƙauyuka suke zuwa, wasu sun gama sakandare ba su taɓa samun tsayayyen malamin lissafi ba. Turancin kansa shinge ne gare su kafin a zo ga lissafin. Sai na riƙa yin bayani da Turanci, in juya shi da Hausa, in kawo misali da buhun albasa ko awon gero, sannan in koma Turanci domin da shi za su rubuta jarrabawa. Ranar Asabar ina buɗe aji na kyauta ga waɗanda suka faɗi gwaji. Takardun gwaji kuwa da hannuna nake bin su ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta wa kowa inda ƙafarsa ta zame. Da wa'adina ya cika aka ce in miƙa ajin ga na bayana, na roƙa a bar mini shi.

Abin da ya biyo baya sai wanda ke cikin aikin ya san shi. Matakan malamin jami'a a jere suke, daga ƙaramin malami zuwa lakcara na biyu, na ɗaya, babban lakcara, har farfesa, kuma tsanin hawansu takardun bincike ne da aka wallafa a mujallu, tare da digirin digirgir. A fom ɗin ƙarin girma akwai gurbin koyarwa, amma abin da na gani shekara da shekaru shi ne kusan maki ɗaya ake ba kowa a wurin. Wanda ya shiga aji sau uku a zango ya sayar da takardun darasi, da wanda ya ƙarar da ransa a gaban allo, duk ɗaya ne a wannan layin. Bambanci yana shafin wallafa. Ba na raina bincike, jami'ar da ba ta bincike sunanta kawai jami'a. Amma awa 24 ce a yini ga kowa, kuma wadda ke duba takardun ɗalibai ɗaruruwa, ga gida ga yara, ba za ta yi gudu ɗaya da mai ɗalibai goma sha biyar a aji huɗu ba.

Maigidana shi ne ginshiƙina a lokacin. Shi ke kai ni aiki, shi ke zama da yara da dare in na ɗauko littattafan digirin digirgir da na fara. Rashin lafiyar da ta ɗauke shi ba ta yi tsawo ba. Ya bar ni da yara, autansu yana goye. Na yi takaba, na fito, na tarar binciken nawa ya yi sanyi, ni ma zuciyata ba ta wurinsa. Aji kawai na iya komawa, domin a gaban allo ne kaɗai nake mantawa na ɗan lokaci.

Shekaru suka yi ta wucewa ina mataki ɗaya. Wani yaro da na koya wa lissafin aji ɗaya, wanda har ofis yake biyo ni da littafinsa, ya samu tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ya tafi Maleshiya, ya dawo da digirin digirgir, ya yi wallafe-wallafe, ya wuce ni, har aka ba shi shugabancin sashe. Na yi masa murna, Allah ya sani, domin ya cancanta. Ranar da na kai masa fom ɗina ya sa hannu, yana ganina ya miƙe tsaye, ya karɓa da hannu biyu, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce, "Malama, wallahi kunya nake ji." Na ce, "Zauna, ranka ya daɗe, aikinka kake yi." Ya buɗe shafin wallafa, ya daɗe yana kallonsa, ni ma na san abin da ke ciki bai kai ba. Na fito na hau kabu-kabu, ina hawaye a cikin niƙabi har gida. Ba shi ya sa ni kuka ba. Abin da ya yi mini ciwo shi ne a duk faɗin fom ɗin nan babu layin da zai rubuta abin da shi da kansa ya sani game da ni.

Sai korona ta zo a 2020, ta haɗu da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU da ya kai ƙarshen Disamba. Da aka koma a 2021 aka matse zangunan karatu don a cike giɓi, ɗalibai suka taru a kan juna, ajina ya ƙara cika. Da hunturu, ƙura tana shiga ta tagogi, na fara jin murya tana dushewa da yamma, ta dawo da safe. Na sha zuma da citta da lemun tsami kamar kowa. Daga baya ta daina dawowa da safen. Wata rana ina tsakiyar bayani na buɗe baki, iska kawai ta fito. Ajin ya yi tsit. Na juya na rubuta a allo cewa a tashi sai wani mako.

Likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya zura wata siririyar na'ura mai kyamara ta hancina, ya juyo mini da fuskar kwamfuta in gani. Ya ce, "Malama, kin san kantar da ke fitowa a hannun manomi saboda fartanya? To irinta ce a tantanin muryarki, ɗaya gefen kuma har ya zama ƙari, sai an yi aiki an cire." Ya hana ni ɗaga murya, ya hana ni raɗa, domin a cewarsa raɗa ma wahalar da tantanin take yi. Ya ce in yawaita shan ruwa, kuma in sani ko an yi aikin, in na koma ihu a aji, ciwon zai dawo.

Ina cikin neman kuɗin aikin aka shiga wani yajin ranar 14 ga Fabrairun 2022, wanda bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Aka tsayar da albashi. Na sayar da sarƙa da 'yan kunnen zinaren da maigidana ya saya mini, 'yan'uwa suka cika, aka yi aikin. Azumin shekarar ya faɗo a Afrilu, tsakiyar zafi, sai ni da babbar 'yata muka koma yin zoɓo da kunun aya muna ƙullawa a leda, ƙanenta na kai wa masu shago kafin shan ruwa. Da shi muka ci abinci. Ban ji kunyar sana'ar ba, kuma na san abokan aiki maza da suka koma noma ko ɗaukar fasinja da motocinsu a wannan lokacin.

Shirun bayan aiki shi ne abin da ya fi komai tsanani. An hana ni magana ɗungurungum na wani lokaci, sannan aka ce kalma kaɗan-kaɗan. Na samo ƙaramin allo na 'yan makaranta ina rubuta wa yara abin da nake so. Manyan suna karantawa, amma auta bai iya karatu ba tukuna. Yakan tsaya a gabana yana ba ni labari, ya jira amsa, in yi murmushi in gyaɗa kai, ya sake maimaitawa da ƙarfi ko ban ji ba. Wani dare na ji shi yana tambayar yayarsa, "Inna hushi taka yi da ni?" Yaron da bai san ubansa ba, ga uwar ma ta yi shiru. Na jawo shi na ɗora kansa a ƙirjina, na rubuta a allon cewa a gaya masa ba fushi nake ba, yayarsa ta karanta masa, ya ce to me ya sa ban faɗa da bakina ba. Ko salla a zuci nake karatunta. Ban taɓa sanin yawan abin da mutum ke yi da murya ba sai a lokacin.

A cikin wannan halin na rubuta takardar ajiye aiki. Wani ɗan'uwan maigidana ya yi mini tayin kula da asusun kasuwancinsa, aikin da ba ya bukatar magana, kuma kuɗinsa ya fi albashina. Na lissafa: murya ta lalace, matsayi bai motsa ba, albashi babu, yara suna girma. Duk wanda na yi wa shawara ya ce in karɓa. Na sa takardar a cikin jaka ina jiran a buɗe makaranta in miƙa.

Ana nan sai wata tsohuwar ɗalibata da ke karatu a Ingila ta turo mini saƙo ta WhatsApp. Ta ce malamar da ke duba bincikenta ta samu lambar yabo ta ƙasa, kuma ba don bincike ba, don iya koyarwa. Ta ce, "Malama, da na ji sai ke kika faɗo mini a rai." Ta haɗo mini da bayanin tsarin. Tun shekarar 2000 Birtaniya ke ba da wannan lambar ga malaman manyan makarantu, kuma abu uku ake tambayar wanda aka gabatar: wane tasiri koyarwarka ta yi a kan ɗalibai, ta yaya ka ɗaga abokan aikinka su ma suka inganta, kuma me kake yi don ka ƙara gyara kanka. Kowace amsa sai da hujja. Da yake ba ni da abin yi sai karatu, na bi diddigi na ga Kanada na da irin tata tun 1986, mutum goma a shekara. Indiya, wadda ta daɗe tana karrama malaman makaranta ranar 5 ga Satumba, daga baya ita ma ta shigar da malaman manyan makarantu a 2023.

Mu ma muna da lambobi. Akwai lambar cancanta ta ƙasa, NNOM, da aka kafa a 1979, wadda ake ba manyan masana da suka yi fice a kimiyya, likitanci, injiniyanci da fannin adabi da zamantakewa, kuma sun cancanci abin da ya fi haka. Akwai kyautar shugaban ƙasa da ake ba malaman firamare da sakandare a Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba. Ta farko tana duban abin da masani ya gano ko ya ƙirƙira, ta biyu ta tsaya a sakandare. Malamin da ke tsaye gaban 'yan aji ɗaya a jami'a, ko a kwalejin ilimi inda ake horar da malaman gobe, ko a kwalejin kimiyya da fasaha, aikinsa na aji bai faɗa cikin ko ɗaya ba.

Ba lambar Ingila ce ta ja hankalina ba, ba ni da hanyar samunta. Tambayoyin nan uku ne. Karo na farko ke nan da na ga an ɗauki abin da na ƙarar da ƙuruciyata a kansa a matsayin aikin da ake iya aunawa, a rubuta, a kawo shaida. Na ɗauko littafi na fara amsa su don kaina. Na tura wa tsofaffin ɗalibai da nake da lambobinsu tambaya ɗaya: me ya zauna muku daga ajina? Amsoshi suka riƙa shigowa, daga Gwadabawa, Tambuwal, Illela, Isa, har da Birnin Kebbi da Gusau. Da yawansu malaman sakandare ne yanzu. Wata ta ce ta yi niyyar barin karatu bayan ta faɗi gwajin farko, sai ta ga abin da na rubuta mata a gefen takarda. Wani ya ce shi ma a ajinsa in ya ga fuskar yaro ba ta sake ba yakan ce, "Mu koma baya," kuma a bakina ya ji. Ni kaina ban san ina faɗar kalmar kakata a aji ba sai da ya rubuto.

An saba ce mana sakamakon malami sai a lahira. Na yi imani da ladan Allah, da shi na rayu a shekarun nan. Amma kakata ma don Allah take karantarwa, ba ta taɓa karɓar ko anini ba, duk da haka an naɗa mata malfa tun tana duniya, domin sauran mata su san wadda za su bi, 'yan baya kuma su yi sha'awar zama irinta. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta don ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Sardauna da Shehu Shagari duk da alli suka fara, a Midil ta Sakkwato. Girmama mai koyarwa a bainar jama'a ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan da za a ce daga Turai za mu aro shi.

Ina da tsoro ɗaya game da irin wannan lambar in aka kafa ta a Najeriya, kuma gara in faɗa. In aka bar ta a hannun shugabannin makarantu kaɗai, za ta koma ta 'yan gaban goshi. In aka bar ta ga ƙuri'ar ɗalibai kaɗai, mai rabon maki ne zai lashe, mai tsanani a kan gaskiya ya sha ƙasa. Sai an shiga ajin mutum an zauna ba tare da sanarwa ba, an ɗauko takardun da ya duba an ga ko akwai gyara a cikinsu ko maki kawai ya dangwala, an nemi waɗanda suka gama shekaru biyar ko goma da suka wuce an ji ta bakinsu, domin su ba sa tsoron kowa kuma sun riga sun san abin da ya amfane su. A kuma duba yawan ɗaliban da ke gabansa da irin makarantun da suka fito. Kuma lambar ta zama tana da maki a fom ɗin ƙarin girma, in ba haka ba allon bango ce kawai.

Da aka janye yajin aiki ban miƙa takardar ba. Na je na ba ɗan'uwan maigidana haƙuri, bai ji daɗi ba, har yau yana ganin na yi wauta, kuma in aka bi ta lissafin kuɗi yana da gaskiya. Na sayi ƙaramar lasifika mai caji da ake ratayawa a kugu. Na raba ajin ƙungiya-ƙungiya, na zaɓi masu ƙoƙari daga 'yan aji uku da huɗu suna zama da su, ni ina zagayawa. Abin da na saba maimaitawa da ihu yanzu a allo yake, ko a gajeren saƙon murya da nake ɗauka a gida cikin natsuwa in tura musu. Abin mamaki, sun fi yin magana a aji yanzu da na rage tawa. Muryar ba ta dawo kamar da ba. Tana da kaushi, in na yi awa biyu ina magana sai ta gaji, kuma ba na iya rera baitocin da na haddace tun ina yarinya. Duk ƙaramin malamin da na ji muryarsa ta dushe ta wuce 'yan makonni, ba na barinsa sai ya je an duba maƙogwaronsa.

Digirin digirgir ɗin na koma na gama shi, na karkata binciken zuwa yadda 'yan shekarar farko ke koyon lissafi, don haka ajina ya zama wurin bincikena, takardu kuma suka fara fita. An ƙara mini girma mataki ɗaya, a shekarun da sa'o'ina suke farfesoshi.

Ni da shugaban sashen nan, ɗalibina na da, muka fara wani abu a tsakaninmu. Ƙananan malamai suna shiga ajin juna su zauna a baya, bayan an tashi a sha shayi a faɗa wa juna gaskiya. Kowa yana da fayil da yake tara shaidar koyarwarsa. Da farko sun ɗauka tarko ne, wani ma ya ƙi yarda a shiga nasa sai da ya zauna a nawa ya ga ni ma ana yi mini gyara. Mun rubuta shawara zuwa ga tsangaya cewa a riƙa karrama malami ɗaya a shekara a kan koyarwa, kuma a ba fayil ɗin maki a wajen ƙarin girma. An karɓi rabin farko ba musu. Rabi na biyu ana ta gardama a kansa, wasu manya suna cewa koyarwa ba ta aunuwa, kuma za a buɗe ƙofar son kai. An ce mu kawo ma'aunin a rubuce a zama na gaba, shi muke kan tsarawa yanzu da malamai biyu daga sashen ilimi.